Karena ya zube a kan dutse muka ba shi fanadol, me zan shirya kafin mu sake fita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da kare irin na Turawa, Alseshan, ɗan shekara biyu, nauyinsa wajen kilo 28. A watan Afrilun da ya wuce muka fita hawan dutse wajen Rano ni da abokaina, na tafi da shi. Wajen ƙarfe 11 ya fara haki, yawu na dalala, ƙafafunsa na baya suna harɗewa, sai kawai ya zube. Jikinsa zafi rau. Wani abokina ya ce zazzaɓi ne, muka ɗura masa fanadol biyu. Allah Ya sa ya tashi, amma kwana uku bai ci abinci ba. Yanzu za mu sake fita, gabana sai faɗuwa yake yi. Me zan zuba a jaka? Kuma wani mai kemis ya ce in ba shi ƙwayar ciwon jiki tun daga gida don kada ya gaji. In ba shi? (Daga wani mai karatu a Hotoro, Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. Da wannan zan fara, jaka ta jira tukuna.

Abin da ya sami karenka ba zazzaɓi ba ne, zafin rana ne ya buge shi. Ka riga ka san kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Ma'aunin zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin 38 ne zuwa 39 da ɗigo 2. Idan ya haura 41, kayan cikinsa sun fara lalacewa ke nan. To ka duba: Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai 40, kare mai gashi kamar bargo, a kan dutsen da ya sha rana tun hantsi. Iskar da yake shaƙa don ya huce ita ma zafi gare ta.

A zazzaɓi, jiki ne da kansa yake ɗaga zafinsa don yaƙar cuta, fanadol kuma sai ya sauke shi. A bugun rana jiki neman sanyi yake yi ido rufe, ya kasa. Babu abin da ƙwaya za ta sauke. Biyun da kuka ba shi, ga kare mai kilo 28, wataƙila ba su ne suka kwantar da shi kwana uku ba, amma ba su tsinana masa komai ba, sun ƙara wa hantar da ta riga ta galabaita aiki, kuma mintunan da kuka ɓata wajen buɗe bakinsa su ne ya kamata a ce ruwa kuke kwarara masa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin mai kemis. Abin da suke kira ƙwayar ciwon jiki galibi ibuprofen ne ko diclofenac. Waɗannan suna cinye bangon tumbin kare har ya yi gyambo, suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ka haɗa wannan da karen da ya yini yana haki, ruwan jikinsa ya ƙone, ƙodarsa dama tana neman jini. Kai da hannunka ka ƙarasa ta. Kusan kullum sai na yi wannan maganar a asibiti, kuma kullum sai an kawo wani. Ban manta da wani kare da aka kawo mini a bayan adaidaita ba, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, an ɗaure bakinsa da tsumma wai kada ya ciji direba. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat, kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta, alamar jini na zuba a ciki. Mai shi yana hawaye yana ce mini ai kwana huɗu yana ba shi magani safe da yamma. Ya zaro katin daga aljihu, diclofenac ne. Karen bai kwana ba, ya mutu.

Mutumin nan ba mugu ba ne, son karensa yake yi. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya miƙo masa ƙwayar ta saman kanta ba tare da ya tambayi nauyin dabbar ba, da masu yawo unguwa-unguwa da jaka suna kiran kansu likitoci, kowace cuta allura ɗaya ce, kowane zafin jiki zazzaɓi ne. Har da masu ba kare tiramol wai ya yi zafin nama. Gajiya fa ita ce ke sa kare ya nemi inuwa ya kwanta. Ka toshe masa ita, sai ya yi ta bin ka har ya faɗi, don kare ba ya barin ubangidansa. E, likita na iya rubuta wa kare fanadol a wani yanayi, bayan ya auna shi ya lissafa, amma wannan ba lasisi ba ne ga kowa. Kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Mu da muka taso muna jin hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa, bai kamata a same mu muna ɗura wa dabba guba saboda ƙyashin kuɗin ganin likita ba. Amana ce a hannunmu, za a tambaye mu.

In ya sake faruwa, Allah Ya kiyaye: ɗauke shi zuwa inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya, ciki, hammata da matsematsi, wani yana yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, riƙe zafi yake yi. In yana cikin hayyacinsa ka bar shi ya lashi ruwa kaɗan-kaɗan, ban da ɗure. A fara sanyaya shi, sannan a kama hanyar asibiti, ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya, don matsalar ƙoda takan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Yanzu jaka. Rabinta ruwa ne. Kare kamar naka, yana kwance a gida ma, yakan sha wajen lita ɗaya da rabi a yini. Ka ɗaukar masa lita huɗu nasa shi kaɗai, fiya wata takwas ke nan, da ƙaramin kwano, wani ruwan na sha wani na zubawa a jiki. Duk bayan minti 20 ku tsaya ya sha. Kada ka bar shi ya sha ruwan kududdufi. Sai igiya mai ƙwari, da takunkumi irin mai raga wanda zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki. Hantsaki na cire kaska da ƙaya, don ƙarangiya da tsidau suna shiga tsakanin yatsu. Bandeji, auduga, aidin. Abincinsa da ya saba, kaɗan, ban da ragowar tsire mai albasa. Kada ka cika masa ciki dab da fita, manyan karnuka tumbinsu kan murɗe. Ka sa katin rigakafinsa a leda. In allurar haukan kare ta haura shekara, a sabunta ta kafin tafiya, a kuma sa masa maganin kaska. Lambar likitan dabbobi ta kasance a wayarka.

A cikin duwatsu kada ka sake shi ya riƙa cusa hanci a ramuka, kububuwa da kasa nan suke fakewa. In maciji ya sare shi, ban da tsaga, ban da ɗaure ƙafa tamau, ɗaukarsa za ku yi zuwa mota. In kuma Dala ko Goron Dutse kuke tunani don sun fi kusa, ka tuna cikin jama'a suke, ga yara ga masallatai. Ka tambayi masu kula da wurin tukuna, kuma igiya ba ta barin hannunka.

Lokaci kuwa ya fi duk abin da ke cikin jakar. Daga Maris zuwa Mayu ka bar shi a gida. Ku jira hunturu, Disamba ko Janairu, ku fara hawa bayan sallar asuba, ƙarfe 9 kuna ƙasa. Ka ɗora bayan hannunka a kan dutsen, in ba ka iya ƙirga bakwai ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Kuma tunda ya taɓa faɗuwa har ya ƙi abinci kwana uku, ka kai shi asibitin dabbobi a auna jininsa a duba ƙoda da hanta kafin ku sa ranar tafiya.