Likita, me ya sa aka kai mijina ɗakin kulawa ta musamman alhali yana magana?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Maigidana ne yana zuba wa janareta fetur tana kunne wuta ta kama shi, ƙirji da hannuwa da fuska, muka fasa masa ɗanyen ƙwai muka shafa man goge baki, da ƙafarsa ya shiga asibiti amma suka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman. Abin ya kai haka ne? Daga wata 'yar uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Eh ya kai, kuma sun yi daidai. Ƙuna mai faɗi ba nan da nan take nuna kanta ba, ruwan jiki ne ke ta tsiyaya ta inda fata ta tafi, jini ya sauka ƙoda ta fara gazawa, shi ya sa idan ƙunar babban mutum ta kai wajen kashi 20 cikin 100 na jiki sai an yi ta ƙarin ruwa ana auna fitsari duk awa. Tafin hannunsa haɗe da yatsu shi ne kamar kashi 1, ki kwatanta da kanki. Ga kuma fuska, wanda ya shaƙi zafi da hayaƙi maƙogwaronsa na iya kumbura bayan wasu awoyi numfashi ya toshe, ko da ɗazu yana hira. Bayan kwanaki kuma ƙwayoyin cuta ne abin tsoro, nan ne ƙwan nan da man goge baki ke ƙara ɓata lamari, don Allah a daina. Da zarar mutum ya ƙone, ruwan famfo ko na randa za a yi ta kwarara wa wurin minti 20, banda ƙanƙara, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da zani mai tsabta sai asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna na kashe mutum 180,000 duk shekara, mafi yawa a ƙasashe irin namu, kuma abin da ke min ciwo fetur ɗin nan ne dai kullum, ki tuna gobarar tankar mai ta garin Majiya a Jigawa cikin Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu, da yawa wajen kwasar mai. A kashe janareta ta huce kafin a zuba mai, a fitar da jarkar fetur daga ɗakin kwana, in an ji warin gas a buɗe taga kar a taɓa makunnin lantarki. Mai farfaɗiya kuma kar a bar shi shi kaɗai gaban murhu ko kaskon wuta, musamman da hunturu.