Sammacin raina kotu kan kuɗin ciyar da yara a Amurka: abin da alƙali zai duba

Malam, na ga tambayarka. Ka ce bayan rabuwarku kotu a Amurka ta ɗora maka dala 600 duk wata na ciyar da yara, aiki ya kuɓuce maka, wata 8 ke nan wani watan ka ba da rabi wani watan babu, yanzu kuma an kawo maka sammaci ka je ka faɗi dalilin da zai hana a kama ka da laifin raina kotu. Allah ya kawo mafita. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan bashin yana iya kai mutum gidan yari, don haka a natsu a bi shi daki-daki.

Kafin komai, ranar da aka rubuta a sammacin nan ka je. Ko ba ka da ko sisi, ka je. Wanda bai halarta ba ana iya ba da takardar kama shi, kuma alƙali zai saurari ɓangare ɗaya ne kawai.

Mai ƙara, ko uwar yara ce ko ofishin jiha mai karɓar kuɗin yara, abu 3 take buƙatar nunawa: akwai umarnin kotu ingantacce, ka san da shi, kuma ba ka biya ba. Wannan ba shi da wuya a gare ta. Idan kana zaune a kotu ranar da aka yanke, ko an miƙa maka takardar, zancen "ban sani ba" ya mutu. Inda shari'ar take da gaske shi ne tambaya ɗaya: kana da halin biya ka ƙi, ko kuwa babu ne? Raina kotu ƙin bin umarni ne da gangan. A yawancin jihohi kai ne za ka kawo hujjar cewa babu, kuma da takarda ake kawo ta.

Ka duba sammacin ka gane wane iri ne, domin iri 2 ne. Akwai na tilastawa, inda ake tsare mutum har sai ya biya wani adadi, da ya biya a sake shi. Akwai na hukunci, inda ake yanke masa kwanaki tsayayyu saboda abin da ya riga ya wuce. A na biyun kana da kariyar da mai laifi yake da ita: hujja sai ta kai matakin da babu kokwanto, kuma ba a tilasta maka ba da shaida a kan kanka. Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace wannan bambanci a shari'ar Hicks da Feiock a 1988. A Kalifoniya, alal misali, kowane watan da ba a biya ba ana iya lissafa shi laifi guda, kowanne har kwana 5 a tsare, kuma ba a shigar da irin wannan ƙara kan watan da ya wuce shekara 3. Idan naka na hukunci ne, kada ka buɗe baki kafin ka ga lauya. Baki shi kan yanka wuya, da yawa sukan tashi ba da haƙuri su ƙare da amsa laifi da kansu.

A na tilastawa, madogararka shari'ar Turner da Rogers ce ta 2011. An tsare wani uba a Karolina ta Kudu wata 12 ba tare da alƙali ya bincika ko yana da halin biya ba, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Ba ta ce dole a ba kowa lauya kyauta ba, amma ta ce wajibi ne a sanar da mutum cewa halin biya shi ne jigon shari'ar, a ba shi fom ya bayyana kuɗinsa, a ba shi damar amsa tambayoyi a kai, sannan alƙali ya faɗi a fili cewa ya same shi da halin biya kafin a tsare shi. Duk da haka ka roƙi kotu ta ba ka lauya kyauta tun a zaman farko, domin jihohi da dama suna bayarwa idan akwai barazanar ɗauri.

Takardun da za ka haɗa: wasiƙar sallama daga aiki, takardun albashi na ƙarshe, bayanan duk asusun bankinka na watannin 8 ba tare da ka cire ko shafi ɗaya ba, takardar harajin bara, shaidar kuɗin rashin aiki idan kana karɓa, kuɗin haya da na wuta, da takardar likita idan rashin lafiya ne. Sai wanda mutane suka fi sakaci da shi, wato jerin neman aiki: rana, sunan wurin, yadda ka nema, amsar da aka ba ka. Alƙali ba abin da ke aljihunka kaɗai yake dubawa ba, yana duba abin da za ka iya samu da ka tashi tsaye. Wanda ya ajiye aiki da kansa, ko ya koma mai ƙaramin albashi ba dalili, ana iya lissafa masa tsohon albashinsa kamar yana karɓa.

Bayanan bankin nan su ne suke kayar da mutane. Lauyan ɗaya ɓangaren zai bi su layi-layi. Kuɗin da ka tura wa 'yan'uwa, tikitin jirgi, biyan sabuwar mota, hidimar sabon aure, duk za a ce ga kuɗi nan ka zaɓi inda ka kai su. A idon kotu ciyar da yara yana gaba da kusan kowane bashi. Idan kana ɗan aikin da ake biyanka a hannu, ka rubuta shi a fom ɗin, domin da rantsuwa ake cike shi, kuma ƙarya ɗaya da aka kama takan rusa gaskiya goma.

Kada ka yarda da jimillar da aka rubuta sai ka lissafa da kanka. Ka nemi cikakken lissafi daga ofishin jiha, ka jera wata-wata: abin da ya kamata, abin da ka biya, shaidarsa. Wata 8 dala 4,800 ne; idan ka biya 1,500 saura 3,300, ban da ruwan da wasu jihohi suke ɗorawa. Matsala tana tasowa a kuɗin da ka miƙa wa uwar yara kai tsaye. Idan umarnin ya ce a biya ta hannun ofishin jiha, abin da ka ba ta a hannu ko ta Zelle, manhajar tura kuɗi ta waya, ana iya ɗaukarsa kyauta. Duk da haka ka kawo shaidar, ko ba a cire shi daga bashin ba yana nuna ba gudu kake yi ba. Takalma da kayan makaranta da ka saya ba sa shiga lissafi.

Akwai hujjojin da ba sa aiki, kada ka ɓata lokacin alƙali da su. Ta hana ka ganin yara: wannan ƙara ce daban da za ka shigar da kanka. Kun yi yarjejeniyar baka cewa ka rage: sai alƙali ya sa hannu take zama doka. Ayyana karyewar arziki ma ba ya goge bashin ciyarwa.

Abin da ya fi gaggawa kuwa, ka shigar da buƙatar rage adadin a makon nan idan ba ka yi ba. Tun 1986 dokar tarayya ta hana alƙali rage bashin watannin da suka riga suka wuce. Ragi yana iya komawa baya ne kawai zuwa lokacin da aka sanar da ɗaya ɓangaren buƙatarka. Ko ka ci shari'ar raina kotu, bashin yana nan, kuma dala 600 tana ci gaba da hawa duk wata. Da ya haura dala 2,500 ana iya hana ka fasfo, jiha kuma tana iya dakatar da lasisin tuƙi. Idan ka samu aiki za a riƙa cira daga albashi, har kashi 50 cikin 100 idan kana ciyar da wani iyali, kashi 60 idan babu, da ƙarin kashi 5 idan bashin ya wuce mako 12.

Ranar zama ka tafi da kwafi 3 na kowace takarda, da ɗan abin da ka iya tarawa, ko dala 200 ce, ka biya ta ofishin jiha kafin zaman ka riƙe rasit. Sau da yawa ana sasantawa a waje kafin a shiga gaban alƙali. Idan aka zo tsarin biya, kada kunya ta sa ka amince da adadin da ba za ka iya ba, domin saɓa shi sabon sammaci ne, kuma wannan karon da sa hannunka a jiki. Ka tabbata takardar ta rubuta nawa ne, wace rana, ta wace hanya, da abin da zai faru da ƙarar raina kotun idan ka cika.