Amsa: Me ya sa bidiyo ke dushewa in an yi zum

Ɗan uwa, ka ce ka ɗauki hawan dawaki a ƙofar fadar Lamiɗo a Garwa, da ka ja zum zuwa 10x, wato ninki goma, sai fuskokin mahaya suka zama kamar an shafa musu kunu, kana tunanin kamarar ce ta lalace. Wallahi lafiyarta ƙalau.

Zum iri biyu ne. Optikal gilashin lens ne da kansa yake jawo abu kusa, hoto bai rasa komai. Dijital kuwa yanko tsakiyar hoton kawai waya take yi ta buɗa shi, kamar ka ja roba, to me zai ƙaru? Ba komai, sai dushewa. Yawancin wayoyin da muke saya a kasuwa ba su da lens ɗin nesa sam, wasu ramukan kamarar nan na baya na macro ne (ɗaukar ƙananan abubuwa daf da daf) ko na ƙawata hoto kawai. Ko Galaxy S23 Ultra da aka yi ta yayata 100x ɗinta a 2023, optikal ɗinta 3x ne da 10x, sauran duk lissafin waya ne.

Ni dai abin da nake yi, in ɗauka a 4K (saitin bidiyo mai ingancin gaske) ba zum, daga baya in yanko rabin faɗi da rabin tsayi a wajen edita, ya fito 1080p (wato Full HD) tsaf, don 4K kusan miliyan 8 ne na piksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto), 1080p kuwa miliyan 2. Kuma jingina gwiwar hannu a katanga, zum na ninka rawar hannu sosai. In za ka tura a WhatsApp tura shi a matsayin document, in ba haka ba ya matse shi ya ƙara ɓata maka.