Da gaske Turawa sun raba wa tsofaffin soja gonaki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Kakanmu tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Kafin ya rasu yakan ce da suka dawo an raba wa abokansa gonaki a ƙasar Shendam, shi ne ya ƙi zuwa, ya zauna a Jos yana gadi a kamfanin kuza. Yayana ya ce hirar tsufa ce kawai, wai Bature karɓa ya sani ba bayarwa ba. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan tsoho, gaskiya ya faɗa muku. A 1948 aka fara shirin sake tsugunar da jama'a a ƙasar Shendam, kudancin Lardin Filato. Sojojin da aka sallama bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun dawo gida babu aiki, ga kuma mutanen kan duwatsu da gona ta yi musu kaɗan, alhali can gangare wajen kwarin Binuwai daji ne kwance mai albarka. Sai aka yanka filaye, aka fitar da hanya, aka nemo ruwa, aka ce mai so ya sauko. Sabon Gida na cikin garuruwan farko. Tarok na wajen Langtang su suka fi amsa kiran, kuma yankin shi ne yau Langtang ta Kudu mai hedikwata a Mabudi.

Ba Shendam kaɗai ba. Tun kafin yaƙi an yi irinsa a Anchau ta ƙasar Zazzau saboda ciwon barci: aka sare kurmin bakin rafuka inda tsando ke zama, aka tattara ƙauyuka, aka gina Takalafiya.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Mokwa. Bayan yaƙi Ingila ta shiga ƙarancin man girki, idonta ya faɗo kan gyaɗarmu. A 1949 kamfanin raya ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya ya haɗa hannu da gwamnatin Nijeriya, suka kwaikwayi tsarin babban shirin noma na Jazira a Sudan, suka kawo motocin noma. Mota za ta yi huɗa, manomi kuma ya yi noma da maimai da fartanya. To eka 24 fa! Duk wanda ya taɓa sunkuyawa a gona ya san mutum da iyalinsa ba sa iya wa ciyawar wannan fili a damina ɗaya. Idan an yi girbi kuma, kashi ɗaya cikin uku ne nasa, biyu na kamfani, sannan ba shi ke zaɓar abin da zai shuka ba. Mutanen yankin ba su rasa ƙasar noma ba tun farko, me zai sa su bar tasu su zama barorin wani? A 1954 kamfanin ya naɗe tabarmarsa da asara.

Ki dubi Kofyar kuwa, wata ƙabila ta kan duwatsun kudancin Filato. Ba wanda ya zana musu taswira. Daga shekarun 1950 suka riƙa gangarowa da kansu zuwa Namu, suna noman doya da dawa na sayarwa, har wurin ya zama kasuwar da manyan motoci ke lodi. A ganina Shendam ta ɗore ne don ta dace da abin da mutane suke nema da ma, ba don gwanintar Razdan ko Di'o ba.

Shi ma yayanki kada ki yar da maganarsa. A 1919 an raba wa tsofaffin sojan Birtaniya manyan gonaki a tuddan Kenya, har da ƙasar da aka yanke daga ta mutanen Nandi. A 1922 kuma majalisarsu ta yi dokar da ke taimaka wa 'yan ƙasarsu da kuɗin jirgi su koma Kanada, Ostireliya da Niyu Zilan. Sojan da ya dawo daga Bama, daji aka nuna masa a ƙasar kakanninsa, da gatarinsa ya share.