Amsoshin Tambayoyinku: Butar Kofi ta Faransa da Garin Kofin Bogi

Wata amarya daga Barnawa ta rubuto cewa maigidanta ya sayo butar kofi ta gilashi mai sandar dannawa, wadda ake ce wa ta Faransa, amma duk lokacin da ta haɗa masa kofi sai ya fito da ɗaci, ga laka a ƙasan kofin. Har ta fara jin kunyar kai masa.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba laifin hannunki ba ne. Garin ne ya yi laushi da yawa. Wannan buta tana son gari mai ɓarzo, kamar tsakin masara, domin ragar ƙarfen da ke jikin sandar ba ta iya tare gari mai laushi. Ki zuba gari giram 60 a ruwa lita ɗaya, wato cokali biyu cike ga kofi guda. Idan ruwa ya tafasa, ki sauke shi ya huta daƙiƙa 30 kafin ki zuba. Ki rufe, ki bar shi minti 4, sannan ki danna sandar a hankali. Da kin danna, ki juye shi duka. Barin sa a kan garin shi ke ƙara masa ɗaci.

Wani daga Tudun Wada yana tambaya ko zai iya zuba Nescafé a cikinta. Malam, Nescafé narkewa yake yi a ruwa, me za ka tace? Cokali da kofi sun ishe ka, kada ka ɓata kuɗinka.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wani daga Unguwar Rimi yana son sanin ko ya yi odar buta mai tsada daga waje. Mutum zai zuba dubbai a kan gilashi, sannan ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi ya sayi garin kofi a leda, babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar da aka gasa shi. Irin wannan gari ake cuɗanya shi da gasasshiyar masara ko wani abin daban don ya yi auki, kai kuwa ka biya kuɗin kofi. Ga gwaji: ka barbaɗa ɗan gari a kan ruwan sanyi. Kofi na gaske yakan ɗan yi iyo a sama. Abin da aka cusa yakan nutse da wuri ya rine ruwan. Mafi aminci, ka sayi ƙwayar da ba a niƙa ba, idonka na ganin abin da ka saya. Muna da namu na tsaunin Mambila a Taraba, ba sai na ƙetare ba. Kuma don Allah kada a kai ta injin niƙan unguwa, inda aka gama markaɗa attaruhu da citta. Ƙaramin turmi mai tsabta ya fi. Ita kuwa buta, matsakaiciya ta isa, muddin ragarta ta ƙarfe ce kuma ta kama bangon gilashin tsaf.

Mai fama da yawan kitse a jini ya sani: kofin da bai bi ta takardar tacewa ba, kamar na wannan buta, yana ɗauke da wani mai da ke ɗaga kolestarol, wato kitsen jini. Ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi na kullum.