Amsa ga Alhaji kan tirelar da ke ɗaukar zafi a Hawan Kibo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhaji, na saurari saƙonka na daren jiya, inda ka ce tirelarka tana ɗaukar zafi duk lokacin da ta ɗauko kaya ta kama Hawan Kibo, kuma bakanikenka ya ba ka shawarar a cire tamostat (na'urar da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan injin ya yi zafi), a ci gaba da cika lagireto da ruwan rijiyar burtsatse, domin a cewarsa ruwan kulan, wato ruwan sinadari na sanyaya injin, na ƙasashen sanyi ne. Na zaɓi in amsa a nan cikin zaure saboda akwai masu tifa da tanka da manyan janareto a cikinmu, kuma lamarin ya shafe su duka.

Shawarata ita ce kada ka yarda a cire tamostat, kuma ruwan burtsatsen nan shi ne na fi zargi a matsalarka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da injin dizal yake ƙonawa ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, kuma an ƙera injin ne ya yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyos. Tamostat ɗin manyan injina da yawa aiki biyu yake yi a lokaci guda, domin idan ya buɗe hanyar zuwa lagireto, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin injin kai tsaye. Idan aka cire shi, wannan gajeriyar hanya za ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa cikin injin ba tare da ya ratsa lagireto ba, sai ka ga zafin da ake gudu ya ƙaru a kan hawa. Da asuba kuma, musamman lokacin hunturu, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, ya riƙa shan mai fiye da ƙima yana baƙanta baƙin mai da wuri. Idan ana shakkar tamostat, a ciro shi a saka cikin ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, a ga ko yana buɗewa daidai lambar da aka buga a jikinsa. Idan bai buɗe ba, a sayi sabo.

Batun ruwa shi ne inda nake so mu tsaya sosai. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da dama yana ɗauke da ma'adanai masu yawa, kuma duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Irin wannan ɓawon ne ke taruwa a cikin siraran bututan lagireto da kewayen tof silinda (murfin saman injin), ya rage faɗin hanyar ruwa, ya kuma hana zafin ƙarfe wucewa cikin ruwan. Motar da take haka za ta iya tafiya lafiya lau daga Kano zuwa Zariya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da zarar ta kama hawa da cikakken lodi sai allurar zafi ta fara tashi, wanda shi ne daidai abin da ka bayyana.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ba a ganinta sai an buɗe injin. Yawancin manyan injinan dizal suna da silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, wanda ruwa ke taɓa bayansa kai tsaye. Duk lokacin da mai ya kama wuta a cikin silinda, silif ɗin yana girgiza da sauri ƙwarai, girgizar ta haifar da ƙananan kumfa a jikinsa, su kuma su fashe da ƙarfin da ke ɓantarar ƙarfen kaɗan-kaɗan. Bakaniken da ya taɓa zaro irin wannan silif ya san kamanninsa: bayansa cike da ƙananan ramuka a jere daga sama zuwa ƙasa, wani ramin ma har ya huda ciki, ruwa yana gangarawa ya haɗu da baƙin mai. Kulan na manyan motoci yana ɗauke da sinadaran da ke shimfiɗa kariya a jikin ƙarfe don hana wannan cin, da hana tsatsa, kuma ruwa tsura ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka maganar cewa kulan na masu dusar ƙanƙara ne rabin gaskiya ce kawai. Haɗin rabi kulan rabi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 107, alhali ruwa zalla yana tafasa a 100, a tudun Jos kuma, mai tsayin kimanin mita 1,200, tun wajen digiri 96 yake fara tafasa.

Wannan ne ya sa murfin lagireto yake da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarsa. Murfin yana riƙe matsi a cikin ruwa, kuma matsin da ya kai bar 1 a ma'aunin matsi yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Idan robarsa ta tsattsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa yana zuba ta tiyon ambaliya, direba yana ƙarawa kullum yana neman yoyon da babu shi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum zai sa hannu a aljihu ya canza famfon ruwa, amma ya bar tsohon murfi ɗaure da leda.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi wa motarka. A sauke lagireton a kai wa masu wankinsa su buɗe shi su tsefe bututan, domin zuba ruwa ta sama ya fita ta ƙasa ba ya cire ɓawon da ya riga ya kama. A wanke cikin injin, sannan a zuba kulan na manyan injinan dizal irin wanda littafin motar ya ambata. Idan mai kauri ne da ake sirkawa, a sirka shi da tataccen ruwa irin na ƙara wa batir, a kuma tabbatar ba ruwan asid ba ne aka miƙo, domin a shago ɗaya ake sayar da su. Kada a dogara da launi wajen saye, kuma kada a gauraya iri biyu, saboda wasu idan sun haɗu suna yin dauɗa mai toshe hanya. Tsohon kulan kuma guba ne mai zaƙi, kada a zubar da shi inda awaki ko yara za su kai gare shi.

A waje kuma, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna cushe tsakanin intakula (mai sanyaya iskar da ke shiga injin) da lagireto, inda ido ba ya kaiwa daga gaba. A haska tocila daga bayan lagireton a gani ko haske yana ratsawa, a wanke daga ɓangaren injin zuwa waje da ruwa marar ƙarfi don kada saƙar ta lanƙwashe. A duba fanbel, a kuma saurari fanka, domin mai kulochi idan injin ya yi zafi dole a ji rurinta ya ƙaru. Idan shiru ake ji a tsakiyar hawa, kulochin ya mutu.

Ka kuma ja kunnen direbanka da yaron motarsa. A kan hawa ya sauko giya da wuri, injin ya riƙa juyawa da kyau, domin famfon ruwa da fanka da juyin injin suke tafiya. Idan allura ta kusa ja, ya sauka gefe ya bar injin yana aiki a hankali har ta sauko, sai dai idan ruwa ne ya zube gaba ɗaya, to nan a kashe nan take. Kada a buɗe murfi injin yana da zafi, kada kuma a kwara ruwan sanyi a ciki, domin haka ne tof silinda ke tsagewa.

Kafin a kashe ko sisi, Alhaji, gobe da safe injin yana da sanyi a buɗe murfin tankin ruwa a tayar da motar. Idan kumfa na ta tasowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya yi tauri cikin 'yan mintoci, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, to gaskit ɗin tof silinda ko silif ya riga ya taɓu, kuma wankin lagireto kaɗai ba zai wadatar ba. Ka turo mini hoton sandar gwada baƙin mai da na cikin murfin, tare da sunan injin, in faɗa maka irin kulan da ya dace da shi. Allah ya tsare hanya.