Amsa: Fenti yana tsagewa a jikin sulken soso

Malam, ka ce fentin sulken da ka haɗa da soson EVA (wani soson roba mai ɗan tauri) yana tsagewa da zarar ka saka shi. Ba laifin fentin ba ne, ƙofofin soson ne ba ka toshe ba. Fara bin sa da na'urar hura zafi har ya ɗan yi sheƙi, sannan ka fesa Plasti Dip (feshin roba mai lanƙwashewa) sama-sama sau uku, kowanne ya bushe tukuna, sai fentin akirilik ya biyo baya.

Ni da farin gam na kafintoci na fara toshe ƙofofin, don arha. A ƙirji ya zauna lafiya lau, amma a kafaɗa da gwiwar hannu, inda soson ke lanƙwashewa, rana ɗaya ya tsattsage. Feshin Plasti Dip kuma a waje za ka yi, warinsa ba wasa ba.